Baƙin man da zai kare kamshaf a injin dizal

Malam, ka tambaya wane baƙin mai da wane sinadarin ƙari za ka zuba wa tsohuwar Hilux ɗinka mai dizal don kada kamshaf, wato sandan ƙarfen da ke buɗe bawul ɗin inji yana rufewa, ya cinye. Nemi man da lambar kaurinsa 15W-40, mai alamar inganci ta API CI-4 a jikin galan. Sinadarin zink da ke hana ƙarfe cin ƙarfe yana ciki tun daga kamfani, don haka ka bar kwalaben ƙarin nan, asarar kuɗi ce.

Jabun mai da jinkirin juye su suka fi kashe kamshaf. Na taɓa ganin an buɗe murfin inji, tuddan kamshaf masu danna bawul sun goge sumul, man ya daskare kamar kwalta. A ƙurar nan tamu, yi juye duk kilomita 5,000, ka canza filta tare.