Tafiya Ruwanda: biza, goggon biri da dillalan WhatsApp

*Wane wata ya fi dacewa in je Ruwanda, kuma wane irin kaya zan ɗauka?*

Daga Yuni zuwa Satumba, lokacin rani ke nan a can. Maris zuwa Mayu ruwa ne kamar da bakin ƙwarya, hanyoyin tuddai sai santsi. Kigali kanta, babban birnin ƙasar, tana kan tudu mai tsayin kusan mita 1,500, don haka ka saka rigar sanyi guda a jaka. In za ka hau arewa wajen garin Musanze, ƙarƙashin dutsen Karisimbi mai mita 4,507, ka ƙara mai kauri da takalmi mai kama ƙasa.

*Wani dillali a WhatsApp ya ce zai yi mini biza, ya ba ni katin rigakafi ba tare da allura ba, ya kuma samo mini takardar ganin goggon biri a dala 150. In tura kuɗin?*

Malam, riƙe kuɗinka. Ƙarya uku ya ɗaure maka a ƙulli ɗaya.

Bizar me zai yi maka? Tun 2018 Ruwanda take ba kowane baƙo biza a filin jirgi, kuma ɗan ƙasar da ke cikin Tarayyar Afirka ba ya biyan ko sisi in zamansa bai wuce kwana 30 ba. Abin da ake bayarwa kyauta shi zai sayar maka.

Katin kuwa shi ya fi ɓata mini rai. Mutum zai biya kuɗin jirgi da na masauki bai ji ciwo ba, amma allurar rigakafin ciwon shawara guda ɗaya ta gagare shi. Allurar nan sau ɗaya ake yin ta, ta wadatar har ƙarshen rayuwa, sharaɗinta kawai a yi ta aƙalla kwana 10 kafin tafiya. Wanda ya sayi katin jabu ya yaudari ma'aikacin filin jirgi, in ma ya yaudaru, amma sauro ba ya duba kati. In kuma aka gano, kunyar ba taka ba ce kai kaɗai, duk mai irin fasfonka da ke bayanka a layi sai an yi masa kallon tuhuma. Mu ke jawo wa kanmu wulaƙancin da muke kuka da shi a filayen jirgin duniya.

Sai takardar goggon biri. Hukumar raya ƙasar, RDB, ita ke bayar da ita, kuma tun 2017 kuɗinta ga baƙo dala 1,500 ne. Hukumar kan yi wa 'yan Afirka rangwame, amma a shafinta ake ganin hakan, ba a bakin wanda ke cewa ka tura kuɗi asusun ƙaninsa ba. Takardar na ɗauke da sunanka da ranar da aka ba ka, ana kuma gwada ta da fasfo kafin a shiga dajin da goggon birin yake. Mutum takwas kacal ake kai wa kowane garke a rana, su yi awa ɗaya su juyo, yaron da bai kai shekara 15 ba ma ba a barin sa. Abin da ake rububinsa watanni kafin lokaci, ta ina dillalinka ya samo shi a araha? In kuɗin ya fi ƙarfinka, ba abin kunya ba ne. Ka je dajin Nyungwe ka hau gadar da ke rataye a saman bishiyoyi, ko ka huta a bakin tafkin Kivu.

*Zan raka mahaifiyata, ta manyanta. Ina fargabar abincin halal, wurin salla, da kuma tarihin kashe-kashen ƙasar.*

Allah ya yi miki albarka, 'yar uwa, kwantar da hankalinki. Kisan kiyashin a 1994 aka yi shi, yau Kigali na cikin biranen da suka fi tsafta da natsuwa a Afirka. Ku sauka a unguwar Nyamirambo ko kusa da ita, nan Musulmi suka fi yawa, ga masallatai ga gidajen abinci. Abin da za ki kula da shi shi ne gwiwar Hajiya, domin garin hawa ne da gangara. Ki tambayi masauki ko akwai matakala kafin ki biya, ki kuma ɗauki tasi, kada ki ɗora ta a babur. Ku guji makon da ya fara daga 7 ga Afrilu, makon makoki ne. Kada kuma ki tambayi kowa ƙabilarsa, ko da wasa. Safiyar Asabar ta ƙarshen kowane wata aikin gayya ake yi, Umuganda, shaguna a rufe, motoci ba su cika fita ba sai wajen ƙarfe 11.

*Na ji babu leda a ƙasar. In cika jaka in kai in sayar, ba riba ba ce?*

Haba Alhaji! Babu ita ne saboda an haramta ta tun 2008. A filin jirgi za a ƙwace, har wadda ka naɗe takalminka da ita. Kilishin tsaraba ma a takarda za ka ƙunshe shi.