Tambayoyinku kan waya: bidiyon biki, lambar Nafath da hancin da ya ƙi ƙanƙancewa

Tambaya: Assalamu alaikum. Mun yi bikin 'yata a Makka, ɓangaren mata kawai. Bayan kwana biyu sai ga bidiyonmu ba mayafi yana yawo a WhatsApp har Kano. Yaya zan goge shi? Wata uwa, Shara Mansur.

Amsa: Wa'alaikumussalam Hajiya. Allah ya ba ki haƙuri, amma gogewa gaba ɗaya ba ta yiwuwa. WhatsApp yana ba wanda ya tura saƙo kimanin kwana 2 ya janye shi daga wurin kowa, shugaban zaure ma yana iya cire saƙon wani. To amma yawancin wayoyi suna sauke bidiyo da kansu su ajiye cikin hotuna, daga nan Google Photos ko iCloud su kwashe. Wadda ta riga ta tura wa yayarta a Kano kuwa, nata kwafin daban ne, janyewar farko ba ta taɓa shi.

Kafin ki roƙi kowa ya goge komai, ɗauki hoton allo da ke nuna lambar wadda ta tura, sunan zauren da kwanan wata. Mutane kan yi gaggawar sa a goge, su wayi gari ba su da shaida. Dokar laifukan intanet ta Saudiyya ta 2007 ta tanadi ɗaurin da ya kai shekara 1, ko tarar da ta kai riyal 500,000, ko duka biyu, ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya. Ana kai ƙara ta manhajar Kollona Amn ko a ofishin 'yan sanda. Sau da yawa ambaton wannan adadi a zauren dangi ya isa ya sa hannaye su yi sanyi.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke raina al'adar karɓe waya a ƙofar ɗakin mata. Larabawan ƙasar nan sun daɗe suna yi, mu kuwa sai a ce ai duk 'yan uwa ne, kar a ɓata wa Gwaggo rai. Ai ba baƙuwa ke ɗauka ba, Gwaggon ce, kuma da kyakkyawar niyya, don waɗanda ba su samu zuwa ba su gani. Masu cewa za su tura da tsarin kallo sau ɗaya su ma su ji: ya hana ɗaukar hoton allo, bai hana a ɗora wata waya a kan allon a ɗauka ba. Gidan da babu waya biyu a Makka, a nuna mini shi. A biki na gaba a sa mace mai ido a ƙofa da jakunkuna masu lamba, a ɗauki mai hoto guda, mace, ta kawo aikin a filasha hannu da hannu.

Tambaya: Wani ya kira ni ya ce daga banki yake, ya karanto mini lambar iƙamata (katin izinin zama) daidai, ya ce in buɗe Nafath in danna lambar da zai faɗa. Direba, Jidda.

Amsa: Malam, kada ka danna. Nafath manhajar gwamnatin Saudiyya ce ta tabbatar da cewa kai ne. Buƙatar Nafath da ba kai ka fara ta ba, wani ne ke shiga da sunanka. Lambar iƙama kuwa ba abin mamaki ba ce, wurare nawa ka tura hoton katin kana neman aiki? In ka riga ka danna, kira bankinka ta lambar bayan kati, canza kalmar sirrin Absher (manhajar hidimomin gwamnati), ka duba layukan waya nawa ke kan sunanka. Saƙon damfara na tes a tura shi 330330.

Tambaya: Yaya abokaina ke sanin inda nake alhali ban faɗa ba? Ɗalibi, Madina.

Amsa: Kai ka faɗa, ɗana, taswirar Snapchat ke nuna musu inda kake. Buɗe taswirar Snapchat, taɓa saiti, kunna Ghost Mode mai ɓoye inda kake, ka zaɓi har sai ka kashe da kanka.

Tambaya: Ƙanwata 'yar shekara 16 ta daina yarda a ɗauke ta hoto sai da tacewar Snapchat, wai hancinta ya yi girma. Wata yaya, Hindawiyya.

Amsa: Laifin tazara ne, ƙanwata. Idan waya tana taku ɗaya daga fuska, hanci ya fi kunnuwa kusa da kyamara sosai, dole ya fito babba. Ki tsaya mita ɗaya da rabi, ki ɗauke ta da kyamarar baya a hasken taga, ki ajiye hoton kusa da nata ta gani da idonta. Tacewar kuma siranta hanci take, ta ƙara girman ido, ta haska fata, shi ya sa yarinyar Kano da ta Riyad da ta Alƙahira suke fitowa kamar uwa ɗaya ta haife su. Mai kallon wannan fuska sau hamsin a yini, madubi zai zame mata abokin gaba. Ki shiga saitin kyamarar gabanta ki kashe gyaran fuska, wasu wayoyin da shi suke zuwa a kunne. A Instagram ki ɓoye mata adadin masu so, an kawo wannan tun 2021. Waɗanda take bi suna sa ta jin ƙasƙanci, ku zauna tare ku rage su, ita za ta danna da hannunta. Kada ki ƙwace wayar, ta ƙawarta za ta ara.