Shin kunun aya da dabino suna ƙara ƙarfin namiji?

Tambaya: Likita, shekaruna sun kusa 50, kuma na fara jin rauni wajen kusantar iyalina. Abokai sun ce in lazimci kunun aya da dabino da zuma, wani kuma ya kawo mini magani a kwalba, ya ce cikin awa guda zan ga aiki. Mene ne gaskiyar waɗannan abubuwa?

Amsa: Malam, kusan kowace al'umma tana da abincin da take jingina masa wannan amfani. Turawa suna yabon kawa ta teku, wata halittar ruwa mai ɓawo da ake ci, mutanen Koriya da Sin suna dafa saiwar ginsen, mazauna tsaunukan Peru suna cin saiwar maka, Farisawa kuma suna kambama za'afaran. Mu a nan muna da aya da dabino da kwakwa da namijin goro, mata kuma suna da tsimi da gumba.

Ba duka ne zance kawai ba. Kankana tana ɗauke da sinadarin sitrulin, wanda jiki yake sarrafawa ya taimaka wajen buɗe jijiyoyin jini, sai dai abin da ke cikin yanka biyu ko uku bai kai ya yi aikin magani ba. Kawa tana da sinadarin zinki sosai, amma wanda jikinsa ya rasa zinkin ne kaɗai zai ga bambanci. Ginsen da za'afaran sun nuna ɗan amfani a ƙananan gwaje-gwaje. Aya da dabino abinci ne mai gina jiki, kuma kwanciyar hankalin da mutum yake samu idan ya yarda da abin da ya sha tana da tasiri na gaske, domin fargaba kaɗai tana iya kashe wa namiji jiki.

Kwalbar nan ce ta fi damuna. Ganye ko saiwa ba su cika yin aiki cikin awa guda ba, kuma hukumomin kula da magunguna, ciki har da FDA ta Amurka, sun sha gano sildenafil, wato sinadarin Viagra da aka amince da shi a 1998, an zuba shi a ɓoye cikin irin waɗannan haɗe-haɗe ba tare da awo ba. Idan mai shan maganin ciwon ƙirji na naitret ya sha shi, jininsa zai iya faɗuwa har ya suma ko ya rasa ransa. Wasu kuma suna zuba ɓawon yohimbe, itacen da ke fitowa a dazukan Kamaru da kudancin Najeriya, wanda yake tayar da hawan jini da bugun zuciya.

A shekarunka, wannan rauni yakan zama alamar farko ta ciwon suga ko hawan jini, saboda jijiyoyin jinin mazakuta sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka su ne suke fara toshewa. Idan kuwa suga ne, dabino da zuma kullum za su ƙara dagula lamarin. Ka ajiye kwalbar, ka je asibiti a auna sugarka da jininka da kitsen jini, ka kuma faɗa wa likitan duk magungunan da kake sha, domin wasu daga cikin magungunan hawan jini da kansu suna jawo wannan matsala, kuma ana iya canza su.