Me ya sa 'yan Kenya da Habasha ba sa gajiya a gudun fanfalaki?

Malam, ka ce ka kalli gasar a talabijin, ka ga kamar ba sa gajiya. Suna gajiya ƙwarai! Tsawon gudun kilomita 42.195 ne, kuma wajen kilomita 30 zuwa 35 sukarin da jiki ya tanada a tsoka da hanta yakan ƙare, ƙafafu su yi nauyi. A nan ake gane gwani.

Da yawansu a tudu suka tashi. Garin Iten na Kenya yana kan tsayin kusan mita 2,400, iskar can ba ta da yawan oksijin, don haka jiki yakan ƙara jajayen ƙwayoyin jini. In sun sauko Landan ko Balin, numfashi sai ya zo musu da sauƙi. Ga kuma atisaye, wasu sukan haura kilomita 150 a mako.

Amma ni wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Abebe Bikila na Habasha, da ya lashe zinare a gasar Olamfik ta birnin Rum a 1960 ba takalmi. Shi kuwa Eliud Kipchoge na Kenya a birnin Vienna a 2019 ya gama cikin awa 1 da minti 59 da daƙiƙa 40, kodayake ba a ƙirga wannan lokacin a hukumance ba saboda masu ja masa gaba da aka riƙa sauyawa.