Amsa: haƙoran sama sun turo gaba, wayar haƙori za ta gyara?

Ƴar uwa, kin ce haƙoranki na sama sun turo gaba har ba sa haɗuwa da na ƙasa, shekararki 27, ko lokacin sa wayar gyaran haƙori ya wuce? Bai wuce ba sam, in dai dasashi da ƙashin lafiya lau suke, sai dai na babba ya fi jan lokaci, galibi shekara ɗaya da rabi zuwa biyu.

Ƙananan ƙarafan da ake mannawa jikin kowane haƙori da gam, su riƙo kawai suke, akwai na ƙarfe akwai na siramik mai kalar haƙori, ya fi ɓoyuwa amma ya fi saurin tsagewa. Aikin na wayar da ke bi ta cikinsu ne. Wayar farko ta nikel da titaniyom ce, ko an lanƙwasa ta sai ta nemi komawa yadda take, to a haka take jan haƙorin a hankali, ƙashin gefen da ake dannawa yana narkewa, sabo na fitowa ta baya, shi ya sa ba a gaggawa, wajen milimita 1 a wata. Daga baya a sa ta ƙarfe mai tauri. In nikel na sa miki ƙaiƙayi ki faɗa wa likita tun farko.

Cizon kuwa, wato haɗuwar haƙoran sama da na ƙasa, ƴan robobin nan da ake saƙalawa daga sama zuwa ƙasa su ke gyara shi, kuma nan mutane ke lalaci wlh, ki cire kwana biyu aiki ya koma baya.

Amma fa in muƙamuƙin ne kansa ya turo, waya kaɗai ba lallai ta isa ba, wani sai da tiyata, sai an ɗau hoton ƙashi tukuna za a sani.