Tambaya da Amsa: Sanyaya Babban Gini da Tsarin VAV

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Muna gina ofisoshi masu hawa uku, ɗakuna kusan talatin, a Ƙofar Ƙaura da ke Katsina, kuma injiniyanmu ya ce mu sa tsarin VAV maimakon esi a kowane ɗaki. Shin ya dace da garinmu?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ga gini mai girman naka shawarar tana kan hanya. VAV gajarta ce ta Variable Air Volume, wato tsarin da yawan iskar da ake turawa ke sauyawa gwargwadon buƙata. A wannan tsari babbar na'ura guda ce ke sanyaya iska zuwa kimanin digiri 13 a ma'aunin Salshiyas, sannan fanka ta tura ta cikin bututu zuwa ko'ina. A bakin kowane sashe akwai akwati mai ɗan ƙyaure a ciki, wanda ma'aunin zafin da ke jikin bango yake buɗewa ko ya ɗan rufe. Sanyin iskar ba ya canzawa, yawanta ne ke ƙaruwa ko raguwa. Saboda haka da la'asar ɗin watan Afirilu, lokacin da zafin Katsina kan haura digiri 40, ɗakin da ke fuskantar yamma zai samu iska sosai, ɗakin taron da babu kowa kuwa a rage masa.

Ribar tana wurin fanka, wadda ke rage gudu idan akwatunan suka rage iska, domin idan gudunta ya ragu da rabi, wutar da take ci a lissafi takan sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Duk mai sayen man janareto ya san darajar wannan.

Batun ɗumama ɗaki kuwa, akwai akwatunan da ake haɗawa da hita, amma ban ga dalilin kashe kuɗi a kansu ba don sanyin safiyar Disamba da Janairu kaɗai.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙurar hunturu. Na taɓa zaro matatar iska a wani gini na tarar ta toshe da jar ƙasa kamar an yaɓa mata laka, fanka tana ta wahala, ma'aikata kuma suna gumi suna zargin na'urar. Don Allah, kafin ka sa hannu a kwangila, ka tabbatar akwai ƙwararren da zai riƙa duba matatun da ƙyauren akwatunan, kuma ka nemi a saita kowane akwati yadda ba zai rufe ruf ba, domin mutanen ciki su riƙa samun sabuwar iska ko da ɗakin ya yi sanyi.