Amsa kan aikin koyar da tattalin arzikin muhalli a jami'a

Ɗan'uwa, ka tambaya ko digiri na biyu zai ishe ka samun aikin koyarwa a fannin tattalin arzikin albarkatun ƙasa da muhalli. Yawancin jami'o'i ba sa tabbatar da malami sai yana da digirin digirgir, kuma abin da kwamitin ɗaukar ma'aikata zai fi tsayawa a kai shi ne maƙalar bincikenka, musamman yadda ka yi amfani da alƙaluma wajen auna, alal misali, asarar da gurɓatar kogi ke jawo wa masunta. A ganina ka dage da lissafi da ƙididdiga tun yanzu, domin da irin wannan lissafin masanin tattalin arziki William Nordhaus ya shigar da sauyin yanayi cikin nazarin tattalin arziki har ya samu kyautar Nobel a 2018.